Wai da gaske ana ganin sinadari yana rikiɗa cikin femtosakan?

Sarkin Shakka: Salamu alaikum mutanen gida. Masu fiziks ku fito ku warware min wannan don ni dai har yanzu ban yarda ba. Wai akwai masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, suna haska leza kan wani sinadari da ake ce wa VO2, sai ya tashi daga abin da wutar lantarki da ƙyar take bi ta cikinsa ya koma kamar ƙarfe, su kuma wai suna ɗaukar hoton yadda abin yake faruwa wuri-wuri, a faɗin ƴan gomiyoyin nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), cikin lokacin da bai kai pikosakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Kuma wai da hasken infirared suke yi. To mu abin da aka karanta mana a aji shi ne haske ba ya nuna maka abin da ya gaza rabin tsawon zangonsa. Infirared irin wannan zangonsa yana kai wa maikiromita 10, wato nanomita 10,000, rabinsa 5,000 ke nan. Ta ina 20 ko 30 za su fito? Ko dai Abbe ya yi ƙarya ko su suke yi.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Kai dai ba ka gajiya da sassafe. Waye kuma Abbe?

Malamar Fiziks: Wa alaikumus salam. Hajiya, Ernst Abbe Bajamushe ne, shi ya fitar da wannan iyakar a 1873, kuma bai yi ƙarya ba, su ma ba su yi ba. Dokar Abbe ta shafi hasken da ya bar jikin abu ya yi tafiya har ya shiga gilashin na'ura. Amma akwai wani bangaren hasken da ba ya tafiya ko'ina, a manne yake a jikin abin, kana ɗan matsawa sama ya mutu, kuma shi ne yake ɗauke da bayanin ƙananan abubuwan nan. Dabarar duka ita ce ka sauka can ƙasa ka same shi inda yake. Tun 1928 wani ɗan Ayalan mai suna Edward Synge ya rubuta wannan tunanin, sai dai a lokacin babu kayan aikin da za su iya, sai a 1972 aka gwada da maikirowef ya yi, a 1984 kuma Dieter Pohl ya yi da haske a ɗakin binciken IBM na Zurik.

Yadda ake yi yanzu, allura ce mai tsini ƙwarai ta na'urar AFM, wadda ke bin saman abu tana auna tudu da kwarinsa, an shafe ta da ƙarfe irin su filatinam ko zinare, faɗin bakinta wajen nanomita 10 zuwa 20. Sai a haska mata infirared, hasken ya taru ya matse a bakin tsinin nan, ya yi mu'amala da ɗan wurin da ke ƙarƙashinsa kaɗai, sannan allurar ta watso shi waje a kama. Ka ga ke nan ba zangon hasken ne yake yanke maka ƙanƙantar abin da za ka gani ba, kaifin allurar ne. Sunan na'urar s-SNOM, su Fritz Keilmann da Rainer Hillenbrand a Jamus su suka fi kowa ɗawainiya da ita har ta tsaya da ƙafarta.

Sarkin Shakka: To Malama na ji. Amma hasken da aka haska ai ba tsinin kaɗai ya faɗa wa ba, ya faɗa jikin allurar duka, ya faɗa kan sinadarin fili guda, duk za su watso haske. Ɗan abin da ya fito daga nanomita 20 ai ya nutse a ciki.

Injiniya Kt: Nan ne wayon yake ƙanina, kuma wallahi aikin masu lantarki ne ba na masu fiziks ba, Malama ta yi haƙuri. Allurar ba a tsaye take ba, tana rawa sama da ƙasa kusan sau 250,000 a sakan ɗaya, tazarar rawar ƴan gomiyoyin nanomita. Hasken banzan nan da kake magana in allura ta hau ko ta sauka kaɗan yake canzawa kuma a hankali, amma na bakin tsini sai allura ta zo daf da jikin abu yake tashi fat ɗaya, tana ɗagawa ya ɓace. To sai ka ƙi sauraron siginar a daidai bugun rawar, ka saurare ta a ninki biyu ko ninki uku ko huɗu na bugun, a can na banzan ya kusa ƙarewa sai na gaskiyan ya rage. Duk wanda ya taɓa aikin rediyo ya san wannan tacewar.

Malamar Fiziks: Na yarda Injiniya, ku ɗauki wannan, ku bar mana sauran.

Ɗan Damagaram: Ni tambayata ta lokaci ce. Femtosakan nawa ne a sakan ɗaya tukuna, kuma wace kyamara ce take da wannan saurin?

Malamar Fiziks: Ka raba sakan ɗaya gida biliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi gida miliyan, to shi ne femtosakan. Guda 1,000 su ne pikosakan ɗaya. Haske da duk gudunsa nanomita 300 kawai yake ci a femtosakan guda. Kuma babu kyamarar da take da wannan saurin, babu ita kwata-kwata, na'urar da take kama infirared ɗin ma in aka kwatanta da wannan lokacin barci take yi.

Abin da ake yi, bugun leza biyu ne gajeru. Na farko shi ne mai duka, shi yake tayar da sinadarin. Na biyu mai leƙe, infirared ne mara ƙarfi, yana zuwa bayan na farko ya duba halin da ake ciki a ƙarƙashin allura. Tazarar da ke tsakaninsu kuma ba agogo ke auna ta ba, madubi ne a kan ɗan layi ake matsar da shi. Ka matsar da shi maikiromita 15, hasken ya je ya dawo ya ƙara tafiyar 30, ka jinkirta shi da femtosakan 100 ke nan. Sai a tsayar da madubin a wuri ɗaya, allura ta bi fili duka ɗigo-ɗigo, an samu hoto ɗaya. A matsar da madubi a sake bi, hoto na biyu. Haka har a jera su.

Sarkin Shakka: Alhamdu lillahi, ga inda nake jira. Ashe ba bidiyo ba ne. Kowane ɗigo a hoton nan an daki sinadarin sau dubbai ko miliyoyi kafin a same shi, hoto na farko da na goma ma ba daga duka ɗaya suka fito ba. To don me za a ce mana an “kalli” abu yana rikiɗa? Haɗe-haɗe ne kawai.

Uwar Biyu: Gaskiya nan kam yana da magana.

Malamar Fiziks: Yana da ita, kuma masu aikin ba sa ɓoye wannan, masu rubuta labarin ne suke son kalmar bidiyo. Sharaɗin dabarar shi ne abin ya zama mai maimaita kansa, a dake shi ya rikiɗa, ya huce ya koma yadda yake, a sake duka ya sake bin hanyar da ya bi. Duk abin da yake faruwa sau ɗaya tak, ko wanda yau ya fara daga hagu gobe daga dama ba tsari, to wannan hanyar za ta shafe shi, matsakaicinsa kawai za ka gani. Wannan iyaka ce ta gaske. Amma abin da yake maimaituwa a wuri ɗaya kullum, shi kam ana ganinsa tsaf, kuma abin mamakin shi ne akwai shi da yawa.

Dattijon Zaure: Ku dakata yara, kun yi nisa kun bar mu. Shi wannan VO2 ɗin mene ne abin so a jikinsa da har ake wannan wahala?

Malamar Fiziks: Baba barka da shigowa. Vanadiyam ne haɗe da iskar oksijin. A 1959 wani mai bincike F. J. Morin a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka ya nuna cewa in aka ɗumama shi ya kai wajen digiri 68 na salshiyos sai ya juye farat ɗaya, wutar da da ƙyar take bi ta cikinsa ta koma wucewa ninki dubbai, a tsaftataccen kiristal ma har fiye. A daidai lokacin kuma zaman atom ɗinsa yana canzawa, a sanyi atom ɗin vanadiyam bibbiyu suke zama a ɗan karkace, in ya yi zafi sai su rabu su jeru daidai wa daida. To rigimar da aka shafe shekaru sama da 60 ana yi ita ce, wanne ne ya jawo wanne. Wasu suka ce zaman bibbiyun nan ne ya tare wa ilaktaron hanya, wannan shi ne bangaren masanin fiziks Peierls. Wasu suka ce a'a, ilaktaron ɗin ne da kansu suke ture juna har kowa ya kasa motsi, bangaren masanin fiziks Mott ke nan. In da wuta kake ɗumamawa a hankali duka biyun tare suke faruwa ba za ka taɓa raba su ba, shi ya sa aka koma dukan leza, don a ga wa ya riga wani motsawa.

Dattijon Zaure: Madalla, Allah ya yi albarka. To wa ya riga?

Injiniya Kt: Baba ai da an sani da Malama ba ta yi wannan dogon bayanin ba, hhhh.

Malamar Fiziks: Kusan haka ne. Andrea Cavalleri da abokan aikinsa tun 2001 suka nuna da hasken eksire cewa leza tana iya juya shi cikin ƙasa da pikosakan. A 2007 Ahmed Zewail, Bamisiren nan da ya ci kyautar Nobel a 1999 kan ilimin femtosakan, shi da mutanensa a jami'ar Caltech ta Amurka suka harba masa ilaktaron suka ga vanadiyam bibbiyun nan suna fara rabuwa cikin ƴan ɗaruruwan femtosakan, sauran gyaran tsarin ya biyo baya a hankali. A 2014 wasu a Jami'ar McGill ta Kanada suka ce sun ga ya yi halin ƙarfe alhali atom ɗin ba su bar zamansu na sanyi ba, masu ra'ayin Mott suka yi murna, daga baya wasu suka zo suka ƙalubalanci fassarar. Kowa da nasa sakamakon, lokutan da ake samu ma ba sa daidaita tsakanin wannan ɗakin bincike da wancan.

To a nan allura ta shigo da abin da ni a ganina ya fi duk rigimar muhimmanci. Duk waɗancan gwaje-gwajen fili mai faɗi suke haskawa su karɓi amsa ɗaya. Kamar a ce maka an yi ruwa a Kano yau, alhali Fagge ta jiƙe sharkaf a Tarauni ko ɗigo bai sauka ba, in ka haɗa ka raba sai ka ce yayyafi aka yi ko'ina, kuma ba inda aka yi yayyafi. A 2007 Mumtaz Qazilbash a ƙungiyar Dimitri Basov a San Diego ya ɗora allurar nan kan VO2 yana ɗumama shi a hankali, ba ma da leza mai sauri ba, sai ga shi ba gaba ɗaya yake juyewa ba, ƙananan tabo na ƙarfe ne suke fara bullowa nan da can, su girma, su haɗe. Sannan a 2016 ƙungiyar Markus Raschke, su ne na Boulder da Sarkin Shakka ya fara da su, suka haɗa allurar da duka da leƙe a kan ƙananan kiristal da ido yake ganin lafiyayyu ne sumul, suka tarar wuraren da tazararsu ba ta wuce nanomita 50 zuwa 100 ba suna amsawa daban, wani wuri ƙasa da femtosakan 100 wani wajen pikosakan ɗaya. A kiristal guda fa. Ka ga ke nan mai yiwuwa rabin saɓanin da ake ta yi, kowa abin da ya auna gaskiya ne, samfurin ne ba ɗaya ba.

Ɗan Damagaram: Me ke kawo bambancin tunda sinadari ɗaya ne?

Malamar Fiziks: Su abin da suka danganta shi da shi, matsi ko miƙewa da kiristal ɗin yake samu daga abin da aka ɗora shi a kai, da ƴan lahani a jerin atom, da ɗan bambancin gauraye daga wuri zuwa wuri. Abubuwan da ba ka ganinsu in ka duba samansa kawai.

Sarkin Shakka: Ko kuma allurar ce da kanta take kawo shi. Ƙarfe ne fa kuka kawo daf da abu kuka ce yana tara haske. In yana tara mai leƙe to yana tara mai duka ma, ke nan wurin da ke ƙarƙashin allura ya fi ko'ina shan duka. Sannan zafi, kuna ta dukan abu ba hutu kuma abin nan digiri 68 kawai yake jira. Ta ina kuka san haske ne ya juya shi ba dahuwa ya yi ba?

Injiniya Kt: Wannan tambayar ta zafi ita ta hana mutane barci shekaru, ba wasa ba. Lezar da aka fi samu a ɗakunan bincike tana bugu wajen sau miliyan 80 a sakan, tsakanin bugu da bugu nanosakan 12.5 ke nan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), ina abu zai huce a nan? In ka ƙara ƙarfi don ka juya VO2 sai zafi ya taru ya zauna a ƙarfe dindindin, ko ma allurar ta lalace. In kuma ka sauko da bugun ƙasa sosai, ka ce sau dubu a sakan, to allura tana rawa sau 250,000 kai kana leƙe sau dubu, tacewar nan da na faɗa ta rushe. Dole aka nemi tsakiya, leza mai bugu daga ɗaruruwan dubbai zuwa wajen miliyan a sakan, ya ishi allura kuma ya bar wa samfur lokacin hucewa. Akwai kuma gwaji mai sauƙi, ka sa mai leƙe ya riga mai duka isowa da ɗan kaɗan. In ka ga alamar ƙarfe a nan to ragowar zafin bugun baya ne, ba ka huce ba. In ba ka gani ba sai bayan duka, kuma ya tashi cikin femtosakan 100, wannan saurin ya fi ƙarfin ɗumama irin ta murhu.

Sarkin Shakka: Zafi na karɓa. Allura fa?

Malamar Fiziks: Allura tana da tasiri, ba wanda zai ce maka babu. Ana rage shi ta hanyar juya mai duka yadda ba zai bi tsawon allurar ba, don hasken da ya bi tsawonta shi ta fi tarawa. Amma ka lura da abu ɗaya, allurar nan ɗaya ce take yawo ko'ina a kan samfurin, in tana ƙara duka to ko'ina take ƙarawa. Za ta iya ɓata maka lissafin ainihin ƙarfin da ya sauka, amma ba za ta sa nan ya yi sauri can ya yi nawa ba, sai in tudu da kwari ne a wurin, shi kuwa AFM tana auna tudu da kwari a lokaci guda, sai ka ɗora hotunan biyu ka gani ko suna bin juna. Abin da ni na fi ɗauka a matsayin rauni shi ne zurfi, ƴan gomiyoyin nanomita na sama kawai take ji, abin da ke can ciki sai dai eksire ko ilaktaron. Kuma ita halin ilaktaron take gaya maka, ba ta nuna maka inda atom ya koma kai tsaye.

Uwar Biyu: Malama me ya sa dole sai infirared? Ja ko kore ba za su yi ba?

Malamar Fiziks: Hajiya saboda a infirared ne bambancin yake fitowa fili. VO2 mai sanyi yana da wani gibi na ƙarfi wajen 0.6 eV (ma'aunin ƙarfin da ƙwayar haske take ɗauke da shi) da sai haske ya haura shi kafin ya tayar da ilaktaron. Mai duka, misali na nanomita 800, yana da wajen 1.55, ya haura. Mai leƙe na maikiromita 10 kuwa wajen 0.12 ne, bai isa ya tayar da komai ba, amma da zarar ilaktaron sun samu sakewa sai su mayar da shi da ƙarfi, wurin ya yi fau a hoto. Ƙari kuma a wannan yankin ne ƙwayoyin sinadarai suke da rawarsu ta kansu, kowanne da tasa, to kana iya gane ko wane ne a wurin.

Ɗan Damagaram: VO2 kaɗai ake yi wa?

Malamar Fiziks: A'a. A 2014 ƙungiyar Rupert Huber a Regensburg ta Jamus ta yi a kan siririyar waya guda ta indiyam asanaid, nanomita 10 a wuri femtosakan 10 a lokaci, suka ga ilaktaron suna janyewa daga saman wayar cikin ƙasa da femtosakan 50. A shekarar kuma su Basov sun yi a kan girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya. Su Raschke a 2022 sun ƙara da ferobsikait, sinadarin nan da ake sa ran zai shiga faifan sola, don shi ma ƙwaya-ƙwaya ne kuma kowace ƙwaya da yadda take riƙe cajin da rana ta tayar.

Dattijon Zaure: Yauwa, an zo inda ya shafe mu. Wato solar da ke kan rufina?

Injiniya Kt: A'a Baba, naka silikon ne kusan tabbas. Ferobsikait matsalarsa zafi da laima suna lalata shi da wuri, kuma lalacewar ba ko'ina take farawa lokaci ɗaya ba, shi ya sa ake son ganin wace ƙwaya ce take fara gazawa. Shi VO2 kuma ana son shi a makunnin haske mai sauri, da gilashin taga mai tare zafin rana da kansa, ana ɗan zuba masa tangistin sai digiri 68 ɗin nan ya sauko kusa da zafin ɗaki.

Uwar Biyu: Kai wannan tagar a kawo mana ita kafin watan Afrilu.

Injiniya Kt: Hajiya ba don mu aka yi ta ba. Amfaninta ga masu hunturu da bazara ne, ta bar ɗumi ya shiga lokacin sanyi ta tare shi lokacin zafi. Mu da kusan duk shekara tarewar muke so, gilashi mai tarewa kullum ya fi mana araha.

Ɗan Damagaram: In ban da Disamba da Janairu, ka zo nan da asuba ka ji.

Sarkin Shakka: Ni dai na koma kan allura. Malama kin ce ɗaya ce take yawo ko'ina, amma tana bugun abu sau 250,000 a sakan na tsawon awoyi ga leza a kanta, bakin da ta fara da shi ba shi za ta gama da shi ba. Hoton farko da tsini, na ƙarshe da dakusasshe.

Injiniya Kt: Tana dakushewa kam, samfurin ma yana ɗan gocewa in zafin ɗakin ya canza. Shi ya sa ake ajiye wani abu da aka san amsarsa a gefe, zinare ko silikon, ana komawa kansa a daidaita, kuma in an gama sai a maimaita hoton farko a gani ko yana nan yadda yake. In tabon ya tsaya a wurinsa bayan an sa sabuwar allura, na samfurin ne. In ya ɓace ko ya koma wani wuri, a zubar da aikin ranar a sake.

Sarkin Shakka: To wanda zai turo min irin wannan hoton ya haɗo da na sabuwar allurar.